Bai Tsallako Titin Ba

Ni tela ne, kuma ɗinkin ne ya kawo ni Ibadan. Shagona yana cikin Sabo, a wani lungu bayan rumfunan masu goro. Wurin ɗan tsukuku ne, ni da keken ɗinki mun cika shi, in baƙo ya zo sai dai ya zauna a bakin ƙofa ƙafafunsa a waje. A nan nake aiki, a nan nake kwana a bayan labule. Iyalina suna gida Arewa, daga Sallah sai Sallah nake ganinsu. Wanda bai yi zaman Kurmi ba zai ce mutumin da ke tsakiyar Hausawa, ga masallaci ga mai shayi ga mai tsire, wane kaɗaici ne zai dame shi? Yana damunsa kuwa. Wuni ake ana gaisawa da kai, amma in ka kwana da zazzaɓi ba mai lura sai wanda ke jiran ɗinkinsa.

Aikin sikawut ba wanda ya ɗora mini shi, ni na jawo wa kaina. Na yi shi ina yaro a firamare, a hannun wani malami da yake fita da mu bayan gari yana koya mana ƙullin igiya da bin sawu da hura wuta. Na manta da abin shekara da shekaru. Sai wata Asabar, ina dawowa daga sayen zare ta Mokola, na ga yaran unguwarmu sun ɗafe bayan wata babbar mota tana tafiya. Ɗaya ya suɓuce ya faɗi, saura ƙiris taya ta bi ta kansa. Ya tashi bakinsa na jini yana dariya. Dariyar nan ta fi faɗuwar ba ni haushi. A makon na sayi usur.

Da na faɗi niyyata a ƙofar masallaci bayan an sauko daga Juma'a, mutum uku suka ce suna tare da ni: wani direba, wani mai sayar da kayan waya, da wani malamin Islamiyya. Na ɗinka wa kowannensu riga da hula. Direban ya zo sau biyu, hanya ta ɗauke shi. Mai kayan waya ya zo ranar farko, ya sa rigar, ya sa aka ɗauke shi hoto yana sara wa tuta, daga nan ban sake ganin ƙeyarsa a filin ba, amma hoton yana nan a wayarsa yana nuna wa mutane. Malamin kuwa duk inda muka haɗu sai ya tsayar da ni ya yi mana doguwar addu'a. Allah ya saka masa da alheri, sai dai addu'a ba ta riƙe maka ɗaya bakin tanti in iska ta taso. Haka na zama ni ne shugaba, ni ne mataimaki, ni ne mai ɗaukar kaya.

Ran Asabar muke haɗuwa, daga la'asar zuwa magariba, don shi ne ɗan tsakanin da boko da Islamiyya suka rage mini. Filin wata firamare ce a gangaren unguwa. Maigadin wani dattijon Bayarabe ne, yana buɗe mana ƙofa, ni kuma ina yi masa facin wando. Kafin in isa filin sai na bi gidajen kallon ƙwallo ina zaƙulo yarana ɗaya bayan ɗaya, buhu a kafaɗata, cikinsa igiyoyi da tanti guda mai faci da akwatin magani da tukunya. Iyaye ma sai da na sha fama da su. Wani ya ce aikin soja nake koya wa yara, wani ya ce abin coci ne, wani ya ce ɗansa ba zai sa gajeren wando ya yi yawo a gari cinya a waje ba. Na ce wannan mai sauƙi ne, ai ni ne telan. Na ɗinka wanduna har ƙasan gwiwa. 'Yan sikawut na wasu unguwanni suka riƙa yi mana dariya wai mun ɗaura zane, na yi kunnen uwar shegu da su.

Abin da na koya a Arewa ma ba duka ya yi aiki a nan ba. Can in ka sami kara da busasshen kashin shanu, ashana ɗaya ta ishe ka. A Ibadan kuwa itace kullum a jiƙe yake kamar an wanke shi. Sai ka durƙusa kana hurawa, hayaƙi na cika maka ido, yara sun kewaye ka suna Yarabanci suna ƙyalƙyala dariya. Yarabancin nan shi ne babban abin da ke ware ni. 'Ya'yan Hausawa ne, a Sabo aka haife su, da ni Hausa suke yi, amma da sun juya ga junansu sai harshe ya sauya, ni kuwa abin da na iya bai wuce na gaisuwa da ciniki ba. Ina tsaye a tsakiyarsu da usur a wuya, ban san ko da ni ake ba. Taron shugabannin sikawut na wata-wata ma haka yake, Turanci da Yarabanci, ni kaɗai ne Bahaushe. Aboki suke kirana. Ba da mugunta ba ne, amma sunan ya bi ni har na gaji da gyara musu.

A cikin yaran akwai wani mai giɓi a gaba, bai wuce shekara goma sha uku ba, siriri, mai kafiyar tsiya. A kan titi ya bar haƙorin, domin shi ne wanda ya faɗo daga motar nan. Ya fi kowa hannu a igiya. In na nuna ƙulli sau ɗaya ya ɗauka, sai ya juya yana koya wa na bayansa da masifa kamar shi ya ƙirƙiro abin. In an tashi, sauran su watse da gudu, shi kuwa sai ya kama ɗaya kunnen buhun mu hau gangaren tare, yana zuba mini surutu da Hausarsa mai gauraye.

"Malam, shebi mako mai zuwa za mu kafa tantin? Abeg a bar ni in buga turakun, wancan karon a karkace suka buga."

'Yar tafiyar nan daga fili zuwa shago ita ce hira mafi tsawo da nake yi a mako. Ina jiranta tun daga Litinin. Ban taɓa gaya masa ba, amma a raina na riga na ajiye cewa in ya ƙara girma shi zan bar wa usur ɗin.

Ubansa ɗan dako ne a kasuwar Shasha. Daga wani ƙauye mai nisa ya fito, can bakin iyaka, ya kama ɗaki guda a Sabo shi da matarsa. Ba shi da wa ba shi da ƙane a Ibadan, ba shi da majalisar da yake zama. Da asuba yake fita ya bi motar Ojoo, hanyar kasuwar ke nan, sai dare ya dawo, saboda haka ni ma a masallaci kawai nake ganinsa, kullum a sahun baya. Yaron shi ne ɗansa na fari.

Wata shekara aka gayyace mu taron haɗin gwiwa a filin wata babbar makaranta, ranar da ake ɗaura wa sababbin 'yan sikawut ƙyallen wuya. Ƙyallen nan shi ne shaidar cewa yaro ya ci jarrabawarsa ya zama cikakken ɗan ƙungiya. Ana yafa masa shi a wuya, a zura bakunan a zobe, a ja zoben sama. Nawa yaran ba su kai nan ba tukuna, kallo muka je. Mun sha kallo kuwa. Da an kira yaro sai ubansa ya taso daga cikin rumfa, babbar riga na jan ƙasa, ya ɗaura masa da hannunsa, ya rungume shi, wani har ya ɗaga shi sama. Uwa tana gefe da ɗaurin kai kamar faifai, tana rawa tana yi masa kirarin gidansu, masu kalangu na biye da ita. Yarana suna tsaye a layi cikin rana, baki a sake. Wani shugaba ya dafa kafaɗata ya tambaye ni da broka, wai ina iyayen nawa yaran, su ba sa zuwa ne? Na ce suna kasuwa. Aka tashi daga taro muka shiga mota.

A cikin motar mai giɓin ya matso kusa da ni.

"Malam, mu yaushe za a yi mana namu?"

Na ce, "In kun ci jarrabawa."

"Baba ne zai ɗaura mini?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa."

Ban yi shawara da kowa ba, ba ni ma da wanda zan yi shawarar da shi. Zuciya ce ta ɗebe ni, na ce da me suka fi mu?

Ba wai ban san al'adarmu ba ne. Na sani sarai Bahaushe ba ya tsayawa a bainar jama'a yana nuna ɗansa, balle ɗan fari, wanda ko sunansa ba ya kamawa. Uba zai kwana da yunwa saboda yaro, amma ya shafa kansa a gaban mutane, wannan sai a ce ba shi da kara. Da haka aka raine ni. Sai dai na ce wa kaina nan fa Ibadan ne, mutanen nan sun daɗe suna cin amala, tuwon Yarabawa, ai kunyar ta isa ta goge.

Yara suka duƙufa. Suka haddace alkawarin ƙungiya, suka iya ƙulle-ƙullensu, suka iya ɗaure karaya da ɗaukar wanda ya suma, har wutar jiƙaƙƙen itacen ma suka iya. Na ɗinka ƙyallaye da wani koren yadi da ya yi saura a shago, wani baduku ya yi mana zobban fata. Sannan na sayi goro na bi iyaye rumfa-rumfa kamar mai gayyatar suna, har da masu goron kansu, waɗanda suka riƙa jujjuya nawa suna tambayar wa ya cuce ni ya sayar mini. Kowa dai ya karɓa ya ce Allah ya kai mu. Wani tsohon bafatake da jikansa ke cikin yaran ya sa na maimaita masa bayanin.

"Tela, uban ne da kansa zai taso, a gaban mutane, ya ɗaura wa ɗan cikinsa?"

Na ce, "Haka tsarin yake, Baba."

Ya daɗe yana kallona yana tauna. Can ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Uban mai giɓin kuwa sai da na rufe shago na bi shi har Shasha. Na tarar ana sauke tumatir daga wata doguwar mota, shi yana cikin masu ɗauka, kwando a ka, ruwan tumatir na bin wuyansa. Na jira ya sauke, muka koma gefe. Ya goge hannu a wando ya karɓi goron da hannu biyu, har yana rusunawa, alhali ya girme ni. Na yi masa bayani. Da na ce "ɗanka" sai ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Na ce yaron ya sa rai ƙwarai. Ya sa goron a aljihu. Sannan ya ce, "To, Malam. Allah ya kai mu." Aka ƙwala masa kira daga wurin motar, ya koma.

Asabar ɗin da ta biyo, muna hawan gangaren da buhu, yaron ya tambaye ni ko Baba ya ce zai zo. Na ce ya karɓi goro. Ya yi tsalle har buhun ya kusa kuɓuce mana. Da muka kai ƙofar shago sai ya tsaya, fuskarsa ta sauya.

"Malam, ni fa in ba Baba ne ya ɗaura mini ba, ba zan sa ba. Kuma na bar sikawut ɗin gaba ɗaya."

Na ce, "Kai, rufe mini baki. Yaushe aka haife ka da za ka kafa wa manya sharaɗi?"

Ya ajiye kunnen buhun ya tafi. Na san kafiyarsa, na kuma san ba wasa yake yi ba.

Ranar ta zo. Tun azahar ni da yara muka kwaso bencina daga Islamiyya muka jera a filin, muka kafa tanti, muka ɗaga tuta. Ƙofar makarantar tana kallon titi ne, a ɗaya gefen titin kuma akwai wata bishiyar mangwaro da 'yan okada, masu haya da babur, ke fakewa a ƙarƙashinta. La'asar ta yi, bencina ba kowa. Iyaye mata sun aiko 'yan mata da kwanukan waina da robobin zoɓo, suka ajiye suka koma bakin ƙofa suna leƙe. Yarana suna layi cikin sababbin kaya, kowa ido a titi. Ni kuwa ina ta gyara bencin da ba abin da ya same shi.

Can sai maza suka fara shigowa, ɗai-ɗai da bibbiyu, da manyan riguna. Na ji sanyi a raina, na tare su da murna. Sai da na dubi fuskokin da kyau na ga ba waɗanda na kai wa goro ba ne. Wannan ƙanen uban wane ne, wancan amininsa, wancan maƙwabcinsa a rumfa. Kowa ya miƙo hannu sai ya ce, "Alhaji ya ce in zo in tsaya masa." Yadda ake yi a ɗaurin aure da suna, haka suka yi mini. Wasu iyayen ma sun zo da kansu, amma ba don nasu ba: wannan ya zo wa ɗan wancan, wancan ya zo wa ɗan wannan. Sun gama daidaitawa tun a kasuwa, ba wanda ya ga ya dace ya gaya wa tela. Tsohon bafataken nan yana bencin gaba yana kallona yana murmushi.

Na haɗiye abin da na haɗiye na fara kiran yara. Abin kuwa ya yi kyau, ba zan ƙi faɗa ba. Ba rawa ba kalangu, amma kowane yaro ya sami babban da ya taso masa, ya ɗaura, ya dafa kansa ya sa masa albarka. Uba ɗaya ne ya taso wa nasa kai tsaye, wani mahauci, shi ma don yaron autansa ne, auta kuwa ba a jin kunyarsa. Ya ja zoben da ƙarfin fawa har yaron ya yi tari, wani daga baya ya ce, "Sassauta mana, ba akuya ba ce!" Aka yi ta dariya.

Mai giɓin na bari a ƙarshe, ina ja ina ja ko Allah zai kawo uban. Layi ya yi ta raguwa har ya rage shi kaɗai a tsakiyar fili, hannuwa a baya yadda na koya musu, bai ko kalli inda ake dariyar ba. Na bi idonsa da kallo. A ɗaya gefen titi, bayan 'yan okada, ga uban a tsaye. Ya sa wankakken kaftani mai karin guga da hula, irin shigar Juma'a. Ya baro kasuwa ran Asabar, ranar da motoci suka fi shigowa, ya zo. Amma ya juya fuskarsa wajen Mokola kamar mai jiran mota.

Na ɗaga masa hannu, bai nuna ya gani ba. Na kira sunan yaron da ƙarfi yadda za a ji har can, na jira. Bai motsa ba. Tsohon bafataken ya dafa sandarsa ya miƙe ya ce, "Kawo nan, tela, in ɗaura masa. Ai ɗa na kowa ne."

Yaron ya ja da baya. "Ga Baba can," ya ce.

Kafin in yi magana ya zare ƙyallen daga hannuna ya nufi ƙofa. 'Yan matan suka dare suka ba shi hanya. Na bi shi har bakin ƙofar na tsaya. Ya tsallaka titin, ya ratsa tsakanin babura, ya tsaya a gaban ubansa ya miƙa masa ƙyallen da zoben. Duk wanda ke filin ya juyo yana kallo.

Uban bai dube shi ba. Na ji muryarsa ƙasa-ƙasa: "Kai, koma wurin malaminka."

Wani ɗan okada Bayarabe da ya gane abin da ake ciki ya sa baki da 'yar Hausarsa, "Oya, Baba, ɗaura masa mana!" Sauran suka ɗauka suna tafi. Wannan ne ya ƙarasa lalata abin. Uban ya sunkuyar da kai, ya matsa ya koma bayan bishiyar. Yaron ya tsaya a wurin hannu a miƙe har hannun ya gaji ya sauka da kansa. Sannan ya tsallako, ya wuce ta gabana, ya ajiye ƙyallen a kan benci, ya bi ta ƙaramar ƙofar baya ya fita. Bai yi gudu ba, bai yi kuka ba. Na kira shi, bai waiwayo ba.

Aka ci waina aka sha zoɓo. Mutane suka riƙa kama hannuna suna cewa taro ya yi albarka, Allah ya maimaita mana. Wasu suka ce yaron ne ba shi da kunya, ina aka taɓa tsare uba a titi. Ana kiran magariba kowa ya kama gabansa, yara suka ruga gida nuna ƙyallayensu, aka bar ni da bencina. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Na yi salla a gefen tanti, na zauna ina duban bencinan ina tunanin ta inda zan fara.

Sai na ji sallama. Uban ne. Ya cire kaftanin ya ninke ya miƙo mini in riƙe masa, ya naɗe hularsa ya yi gammo da ita, ya ɗora benci bisa benci ya ce in taya shi. Ya ɗauka a ka kamar ba komai ba. Muka kama gangaren, shi a gaba ni a baya da buhu. Na yi niyyar in yi shiru, amma haushi ya ci ƙarfina.

Na ce, "Haba, bawan Allah! Ka bar kasuwa, ka sa wankakkun kaya, ka taso tun daga Shasha, sai faɗin titi ne ya gagare ka?"

Ya yi tafiya kaɗan kafin ya amsa, ba ya iya juyowa saboda kayan.

"Malam, ni ma ɗan fari ne. Har ubana ya koma ga Allah bai taɓa kama sunana ba. Wallahi na zo da niyya. Ƙafar ce ta ƙi."

"To me ya hana ka aiko wani, kamar yadda kowa ya yi?"

"Wa gare ni?"

Tambayar ni ma in an yi mini ita amsar da zan bayar ke nan. Muka kai bencinan muka dawo muka sake ɗiba. A sawu na ƙarshe, muna daf da ƙofar Islamiyya, ya rage tafiya.

"Malam, da gaske ya iya abin nan na igiya?"

Na ce, "Ya fi kowa. Ni kaina wani ƙullin sai na tsaya na tuna, shi kuwa ido a rufe yake yi."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya sake maimaitawa a hankali. Muka sauke bencin, ya karɓi kaftaninsa, ya warware hular yana kakkaɓewa. Har ya juya zai tafi sai ya dawo ya kama hannuna da nasa biyu.

"Don girman Allah, Malam, amana na ba ka. Kada ka gaya masa na tambaya."

Na ce na ji.

Asabar ta zagayo, mai giɓin bai zo ba. Ta sake zagayowa, shiru. Na tambayi yara suka ce ya fara zuwa wurin wani makanikin babura a Mokola. Na je na same shi tsugune a gindin wani babur, hannu duk baƙin mai. Ya gaishe ni da ladabi, bai tashi ba. Na ce ƙyallensa yana shago na ajiye masa. Na ce ƙungiya tana nemansa, na ce ni ma ina nemansa, wannan kuwa ban taɓa faɗa wa wani yaro ba.

Ya ci gaba da kwance noti. Can ya ce, "Malam, ko kallona fa bai yi ba. A gaban kowa. Ni ban san ma ko ya damu da ni ba."

Na tsaya a kansa maganar tana bakina. Ba ta da tsawo, kuma na san in na faɗe ta zai ajiye sifanar ya biyo ni. Amma mutumin da ba shi da kowa a Ibadan ni ya zaɓa ya ba wa ajiya, ya haɗa ni da Allah. Na ji haushin uban, na ji haushin ɗan, na kuma ji tausayinsu.

Na ce, "Ka dai zo ran Asabar."

Ya ce, "To, Malam," bai ɗago ba.

Bai zo ba. Har shi da iyayensa suka tashi daga Sabo ban gaya masa ba.